Tsaga a Hawa na Tara

Injiniyan ya zura yatsa cikin tsagar bangon kicin ɗin wata tsohuwa, ya shige har gindi.

"Kaka, haɗa kayanki. Za mu mai da ke benen can na tsallake kafin a gyara."

Shayin tsohuwar ya huce a hannunta. Shekara hamsin baya, lokacin wurin nan gonar kabeji ce, ita ce mai walda a aikin gina benayen unguwar. Hukuma ta ce a gama unguwar kafin bikin juyin juya hali. Sanyi na tsaga hannu, shugaban aiki na ihu. Inda ya kamata a liƙe ƙarfe huɗu, sai su liƙe biyu, a shafe da siminti.

"Ba zan koma can ba, ɗana."

Ya yi dariya. "Tsufa da rigima! Ai duk ginin ɗaya ne."

Ta leƙa taga. Benaye arba'in jere cikin dusar ƙanƙara, mata na tura kekunan jarirai a gindinsu.

"Ba ɗaya ba ne," ta ce a hankali. "Wannan kaɗai na liƙe wa duka huɗun, don na san ni zan zauna ciki."