Kaset Ɗin Da Aka Wanke

"Mun wanke muku shi tas, Baba," in ji mutumin kamfanin fim da ya zo daga Lima, babban birnin ƙasarmu Peru. Ya ajiye sabon faifai a teburinmu. "Tsohon kaset ɗin ya tsinke a inji, amma kiɗan ko ƙwarzane bai yi ba."

Ni na lallashi babana ya sa hannu a takardar ba kamfanin kaset ɗin kiɗansa. Na ce masa duk Peru za ta ji jitarsa a talabijin. Shekara tara rabonsa da jitar, tun ranar da muka binne mahaifiyata. Kaset ɗin kawai yake saurare.

Na kunna faifan. Babana ya lumshe ido yana bin kiɗan da yatsa. Da aka kai tsakiya ya miƙa wuya yana jira. Kiɗa ya wuce sumul.

"Ina take?" ya tambaya.

"Wa?" in ji mutumin kamfanin. "Matar da ke ɗaga murya daga kicin wai miyar dankali za ta huce? Ai kwana biyu muka yi kafin mu cire ta."

Babana ya gyaɗa kai.

"Sake kunnawa, ɗana," ya ce. "Wataƙila ba ta ji an fara ba."