Takalma a Bakin Ƙofa

Sai da ya zauna a liyafar jirgin ruwan, fitilun Doha na nisa, ya lura kowa ƙafarsa yake kallo.

Kwat ya aro, baƙin takalmi ya yini yana gogewa. Amma da ya ga lallausar darduma, sai ya yi abin da ya saba tun Zariya: ya tuɓe a ƙofa.

"Yallaɓai, ba a zama ba takalmi," in ji mai hidima.

Ya miƙe, yana jin aikinsa na tuƙi ya tafi. Sai uban gidansa, dattijon da ya gayyato shi, ya tuɓe nasa. "Shi ke nan! Tun ɗazu yake matse ni."

Kafin a kawo shinkafa, takalma sun yi layi a ƙofa. Har na kyaftin, wanda babban yatsansa ke leƙowa ta hudar safa.