Awa Goma Sha Uku da Minti Ashirin

Awa goma sha uku da minti ashirin, haka aka rubuta a tikitin. Kilomita dubu goma sha ɗaya da ɗoriya, ba tsayawa a hanya. Tsohuwar malamar lissafin ta haddace wannan tsaf, don ita ce ta tsaya kai da fata a ofishin kamfanin jirgin cewa ba za a bi da mijinta ta hanyar da ake yada zango ba. Waccan awa ashirin da biyu ce, kuma ba zai iya ba.

Mutum ne da 'ya'yansa suka laƙaba wa suna Sarkin Taga. Shekara talatin da takwas suna tare, bai taɓa yarda an rufe ƙofar ɗaki yana ciki ba. Asibitin da suka zo jinya hawa tara ne, amma ya gwammace ya bi matakala yana haki da ya shiga lif. Ta sha yi masa tsiya a kan haka. Ranar da za a shiga da shi tiyata, abu ɗaya ya roƙe ta: in lokacin komawa gida ya yi, kada ta bari a rufe shi ya daɗe. Ta ɗaukar masa alkawari.

Ga shi yanzu an rufe ƙofar jirgi, kowa ya ɗaura bel, jirgi ya ƙi motsi. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Matuƙi ya ce ana jiran izinin tashi. Lissafinta ya koma sha biyar da minti ashirin, hankalinta ya tashi.

Kujerar tsakiya aka ba ta. Wani ƙato a dama yana ta minshari, wata a hagu ta ja murfin taga ta rufe. Mijin nata kuwa tun a filin jirgi aka raba su. Ma'aikata suka duba takardun likita, suka buga hatimi, suka wuce da shi ta wata ƙofa daban.

Ta kira ma'aikaciyar jirgi, ta roƙi a bar ta ta leƙa shi ko na minti ɗaya ne. Ma'aikaciyar ta ba ta haƙuri, ta ce ba a shiga wajen sai an sauka. Ta tambaya ko akwai fitila a can. Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai.

"'Yata, ba ya son matsi," in ji malamar. "Ki taimaka ki tambayo mini yadda aka ajiye shi."

Sai da jirgi ya fara ja da baya ma'aikaciyar ta dawo. Ta durƙusa a gefen kujerun, ta miƙo hannu ta kama nata.

"Mama, matuƙi da kansa ya kira masu lodi. Sun ce ki kwantar da hankalinki, gefe guda suka ware masa shi kaɗai, ba su ɗora jakar kowa a kan akwatin marigayin ba."