Kwalbar Séverine

Tsoho Firmin Gaudrey ya kurɓi giyar inabin, ya juya ta a baki, ya tofar a bokiti.

"Rubuta, Madam Hollis. Rigarta ja ce mai duhu, tana da cinya, kuma tana daɗewa a baki."

Madam Hollis ta rubuta da Faransanci yadda ya faɗa, sannan ta tsaya tana cizon biro. Aikinta ke nan a wannan ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa: ta mayar da maganar tsohon zuwa Turancin da ɗan Landan zai karanta bai yi dariya ba. Mutanen Burgundi, yankin inabi na Faransa, giya a wurinsu mace ce, da rigarta da halinta. In ka kai wa ɗan Ingila maganar yadda take, sai ya ɗauka tela ne ya rubuto masa. Don haka ta cire rigar ta sa launi, cinyar kuma ta koma cikar jiki.

Ta karanta masa. Turancin Firmin bai wuce na ciniki ba, amma kunnensa bai tsufa ba.

"Ba laifi. Sai dai kin fara sanyi, Madam. Turancinki ya koma miyar asibiti, ba gishiri."

Kora ba ta yi wa Firmin wuya. Tun da tsufa ya taɓa shi yakan manta ko ya ci abinci, amma ba ya taɓa rikita giyar shekarar fari da ta shekarar ruwa. Ya kori likita, ya kori masu jinya, dangi ma ya ce bai san da zamansu ba. Ban da Odile mai girki, mutum ɗaya yake bari ya zauna kusa da shi, wato mai fassara, don a ganinsa ita kaɗai ke da aikin yi a gidan. An daɗe rabon da wani ɗan kasuwar Ingila ya tako gonar inabin tsohon, amma Madam Hollis ba ta taɓa tambayar wanda zai karanta fassarar ba. Kujerar nan take so, kuma tsoron rasa ta yana hana ta sakewa.

Tsohon ya miƙe da kyar, ya ja ƙafa zuwa can ƙurya, ya dawo da wata kwalba da ƙura ta rufe. A ƙauyen nan in an yi haihuwa, uba yakan ware wa jaririn giyar shekarar, a riƙa buɗewa a manyan ranakunsa. Wannan ce ta ƙarshe.

"Ta 'yata ce, Séverine. Ta yi aure a Ingila, ta manta da mu. Na tabbata Faransancin ma ya gudu. Zan faɗi yadda giyar take, ki sa mata da Turancin da zai shiga zuciyarta ta zo. In wannan ma miyar asibiti ce, gobe kar ki wahalar da kanki, zan nemi wata."

Bai buɗe kwalbar ba. Ya rufe ido ya shiga faɗa daga ka, don ya ɗanɗana ta tun tana cikin ganga, ranar da aka yi wa yarinyar baftisma. Ya ce akwai ƙamshin baƙin ɗan itacen ceri, da na ƙasa bayan ruwan farko, da wani abu kamar tsakar kan jariri. Ya ce da farko taurin kai gare ta, ba ta son a matsa mata, amma mai haƙuri zai iske ba abin da ya fi ta laushi. Sai ya ƙare da abin da masu giya ke rubutawa a ƙasan bayani: ta kai lokacinta, a sha yanzu, ba za ta ƙara jira ba.

Madam Hollis ta daɗe a kan takardar. Duk kalmomin ado da ta saba zubawa 'yan kasuwa ta ajiye su gefe, ta ɗauko Turancin da ake yi wa yaro magana da shi a gida. Taurin kan ta bar shi yadda yake. Ta karanta masa, da ta zo layin ƙarshe sai ta yi tari ta ce sanyin ɗakin ne.

Firmin ya shafa wuyan kwalbar da babban yatsa.

"Yauwa. Wannan in ta karanta za ta zo. Ki dawo gobe."

Daɗi ya kama ta, baƙin ciki kuma ya danne shi nan take. Ta tattara ƙarfin halinta.

"Maigida, tunda ba za ta ƙara jira ba, me zai hana a buɗe yau? Ko kurɓi ɗaya, ni da kai."

Ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai san gari ba.

"Ke baƙuwa ce, Madam, ban ga laifinki ba. Kwalbar yaro ba a buɗe ta sai mai ita tana zaune."

Ta ce ta gane. Ta gyara masa bargon da ke kan gwiwarsa, ta ninke takardar ta sa a aljihu, ta hau matakala.

Odile tana tsaye a sama, tana goge hannu da tsumma.

"Yau fa? Ya gane ki?"

Madam Hollis ta girgiza kai. Ta ja ƙofar a hankali, ta bar mahaifinta a ƙasa rungume da kwalbar, yana jiran ta dawo daga Ingila.