Matar da Ba Ta Suɗe Kwano

Malam Tanimu, kafin ka ɗauki matarka ku tafi gida, jawo bencin nan ka zauna. Na ji tambayar da ka yi wa mai ba da magani, wai idan zafin fitsarin ya ɗauke mata kafin kafson ya ƙare, ko za a iya ajiye ragowar saboda gaba. Ban ga laifinka ba, da tattali aka tashe mu duka. Amma ni a aikin jinya na yi furfura, a ɗakin matan nan, don haka bari in ba ka misali.

An yi wata mata mai tuyar masa a wata unguwa, mace mai sakin hannu. Tun tana yarinya uwarta ta hore ta cewa ɗan mutunci ba ya suɗe kwano, komai yunwarsa sai ya bar ragowa don na baya. Ta riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Ko goro ta ɓare, sai ta ajiye wa wani ɓari. Wata rana ciwon fitsari ya kama ta, zafi kamar an zuba barkono, ta yi ta zaryar banɗaki masa na ƙonewa a tanda. Ta je asibiti, likita ya rubuta mata kafso, ya ce ta shanye shi tas ko da ta ji garau. Ta fara sha, ba a daɗe ba zafin ya ɗauke. Ta dubi abin da ya rage, ta ga ai rowa ce mai lafiya ya zauna yana haɗiyar magani alhali unguwa cike take da mabuƙata. Sai ta jefa shi a wani kwanon samira da ke saman kabet.

Ka san mata da kunya, ba kowacce ke iya buɗe baki ta faɗa wa likita namiji irin wannan ciwo ba. Maƙwabciyarta, wata mai ɗinki, ta zo sayen masa, ta raɗa mata abin da ke damunta. Mai masa ta miƙa hannu saman kabet ta ba ta guda biyu, ta sha ta ji sauƙi. Kafin ka ce me, labari ya gama unguwa. Duk wadda ta rage nata sai ta kawo ta zuba, duk wadda ta ji zafi sai ta zo ta ɗiba. Ba mai tambayar sunan magani, launi ake dubawa: ba ni ja da baƙin nan, ko ja da rawayan. Kowa na sa mata albarka, ita kuwa tana jin daɗi, don har ga Allah lada take nema.

Abin da ba su sani ba, kuma shi ke ba ni haushi har gobe, shi ne kafso biyu raunanan ƙwayoyin cuta kawai suke kashewa. Masu taurin kan suna nan kwance a mafitsara. Su ne za su hayayyafa, 'ya'yansu su tashi sun san maganin kamar yadda ɓeran kasuwa ya san tarko.

Ciwon ya riƙa dawo wa mai masa, ta sha biyu ya lafa, ya sake dawowa. Rannan ya hau ƙoda. Ga zazzaɓi da rawar ɗari, ga amai, kwiɓi kamar ana sara. Aka kwantar da ita a asibiti. Masu gwaji suka shuka fitsarinta a wani ɗan faranti, suka jera magunguna iri-iri a kai don su ga wanda cutar ke tsoro. Wanda ke aiki, cutar takan ja da baya ta bar fili kewaye da shi. Tata kuwa ta tsiro har jikin kowanne, in ban da guda ɗaya, wata allura da ake yi ta jijiya. Da ita aka ceto ta da ƙyar.

A gadon da ke kusa da nata kuwa, mai ɗinkin nan ce aka kawo, da tsohon ciki, da ciwo iri ɗaya. A nata farantin ba maganin da ya samu fili. Duk da haka ta juyo tana nishi ta ce, “Yaya, da kin taho mana da kwanon nan, ai shi ke yi mini.” Mai masa ta juya fuskarta wajen bango. Ita ta fita daga ɗakin da ƙafarta. Mai ɗinki a rufe aka fitar da ita, ita da abin da ke cikinta. Da mai masa ta koma gida ta sauko da kwanon ta juye shi a masai. Har yau tana barin ragowar tuwo, amma ba ta ƙara barin ta magani ba.

To, Malam Tanimu, abin da zai rage a jikin matarka bayan zafi ya ɗauke ɗan kaɗan ne, ita kanta ba za ta ji shi ba. Wannan ɗan ragowar cutar kafson ƙarshen yake nema. Ka tsaya a kanta ta shanye, kada ta ba kowa, kada kuma ta karɓi na kowa. Wannan kwanon suɗe shi ake yi, ba abin kunya ba ne. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.