Malamin Aro

Na rantse muku da abin da zai kashe ni, wannan labarin ba za ku yarda da shi ba. Ni kaina da wani ne ya ba ni, cewa zan yi ya rage gishiri.

Ni ne mutumin da ya shiga makarantar koyon zane da tsara fasta, ya fito kafin malamai su gama haddace sunansa. Ba korata aka yi ba, basirata ce na ga ta fi ƙarfin ajin. Abu ɗaya na tsaya na koya: narka hoto cikin hoto a kwamfuta, ka ɗauki fuskar mutum ka zuba gari guda a cikinta, wannan na leƙowa ta cikin wancan. Wanda ya iya wannan, zaman me zai yi a aji?

Matsalar ɗaya ce. Tun rasuwar Baba, Kawu ya kafa mini doka: ranar da na bar karatu, ranar zan fara dakon bulo a gidan bulonsa. Ku dubi hannun nan nawa, don Allah. Ya yi kama da na ɗaukar bulo?

Don haka kullum da safe sai in saɓa jaka, in ce wa Mama na tafi makaranta, in zarce shagon abokina Mai Hoto, can ƙarshen gari inda ba wanda ya san gidanmu. Mama kuwa ba ta tsananta tambaya. 'Yan watannin nan ma ta zama wata iri, tana shara tana 'yar waƙa, tana yawan duba sabon agogonta kamar mai jiran mota. Ran Asabar da yamma ita da kanta take cewa in fita in sha iska. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ana haka sai Kawu ya aiko, wai yana son ya ga aikin makaranta da idonsa, ko da guda ɗaya ne.

Ai sai ya sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

Na tsara fasta ta gani ta faɗa. Fuskata babba, ina kallon sama kamar mai tunanin gyara duniya, a ƙirjina ginin makaranta, cikin ginin kuma malamina. Sai dai malamin ne ba ni da shi. Na shiga kwamfutar Mai Hoto ina lalube cikin hotunan masu zuwa ɗauka, har na dace da wani dattijo mai farin tabarau, da 'yar furfura a gefe, zaune kan kujera yana murmushin masu ilimi. Mai Hoto ya riga ya yanke rabin hoton, ba abin da ya rage na wadda ke tsaye kusa da dattijon sai hannu kawai, dafe da bayan kujera, da agogo mai jan maɗauri.

Hannun nan ya ba ni wuya. Na goge, na shafe shi da baƙi, na sake shafewa, har ya ɓace. Mai Hoto ya ce in fara buga gwaji a ƙaramar takarda, wai abin da ya ɓuya a gilashin kwamfuta yakan fito a takarda. Na ce masa gwaji na 'yan koyo ne.

Mama ta daɗe tana kallon fastar. Har bakin taga ta kai ta.

"Auta, wannan kuma wane ne?"

"Malamina ne, Mama. Ji yake da ni kamar ɗan cikinsa."

"Kamar ɗan cikinsa? To, Allah ya sa."

"Ko ran Asabar ɗin nan ma muna tare, ya ƙi barina in tafi."

"Ran Asabar? Ikon Allah!"

Ta rataye ta a falo da hannunta. Ta ce Asabar mai zuwa kada in je ko'ina, Kawu zai zo gani, kuma akwai baƙo. Na goge riga, na shirya jawabi a kan wahalar karatu.

Kawu ya iso, ya tsaya gaban fastar, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kukan farin ciki yake dannewa. Sai aka yi sallama, aka ɗaga labule.

Farin tabarau. 'Yar furfura a gefe. Murmushin nan dai. Jawabina ya gudu ya bar ni.

"Auta, ba za ka gai da malaminka ba?" in ji Mama.

Dattijon ya dubi fastar, ya dube ni. "Ni dai haƙori nake cirewa, yaro, amma na gode da ƙarin girma."

Kawu ya share hawayen dariya. "Litinin da safe, gidan bulo. Ka zo da tsohuwar riga."

Tambaya ɗaya ce ke cina: a garin nan kaf, ina Mama ta san mutumin da na tsinta a kwamfuta?

Ta matsa jikin fastar, ta nuna can gefen ƙirjina, inda hasken taga ya fito da inuwar wani hannu dishi-dishi. Sannan ta ɗora nata a kusa da shi, jan maɗauri kusa da jan maɗauri.

"Ka iya aiki, Auta. Amma gobe in za ka goge mace daga hoton mijin da za ta aura, ka fara dubawa ko uwarka ce."