Sa Hannun Shaida

Lauyan ya juyo mata da wasiyyar. "Mama, wannan sa hannunki ne?"

"Nawa ne."

Ƙannen mamacin suka kalli juna. Ta tsufa a gidan yayansu a Kisumu ta ƙasar Kenya, amma tunda ba a kai shanun sadakinta kamar yadda al'adarsu take ba, ba su taɓa kiranta matarsa ba. Shi ya sa marigayin ya rubuta wasiyya ta intanet, ya bar mata gidan. "Lauyan me?" ya ce mata ranar. "Zo ki yi shaida. Wa na yarda da shi kamarki?"

Lauyan ya sunkuyar da kai. "Mama, a doka, wanda ya yi shaida ba ya cin abin da aka bar masa."

Ta ƙura wa sa hannun ido. Sai da ta yi ta gwadawa a bayan kwali ranar, don ya fito da kyau.